Tambaya da Amsa: Abin da Tarihi Ya Nuna Game da Riƙe Hannun Jarin Babban Kamfanin Inshora

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, kuma na fara sayen hannayen jarin kamfanonin Amurka ta manhajar waya. Wani abokin aikina ya ce mini babu jarin da ya kai na manyan kamfanonin inshora kwanciyar hankali, domin mutane ba sa daina biyan kuɗin inshora, har ya kawo mini misali da kamfanin AIG wanda ya haura shekara 100 yana aiki. Idan mutum ya saya ya ajiye na shekara 20 ko 30, me tarihi ya nuna zai samu? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba game da shekarun kamfanin, domin asalin AIG yana komawa ne zuwa 1919, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Cornelius Vander Starr ya buɗe ofishin dillancin inshora a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Sai dai tsawon ran kamfani daban, abin da ya shiga aljihun mai hannun jari daban, kuma da wuya a sami kamfanin da ya raba waɗannan abubuwa biyu a fili kamar wanda ya zaɓo maka.

An fara sayar wa jama'a hannayen jarin AIG a 1969, jim kaɗan bayan Maurice Greenberg ya karɓi ragamarsa. A ƙarƙashinsa darajar kamfanin a kasuwa ta tashi daga kimanin dala miliyan 300 zuwa kimanin dala biliyan 180. Wanda ya saya a farkon shekarun 1970 ya riƙe har zuwa 2000 ya sami riba mai yawan gaske, babu musu a kan haka. Amma ko a nan akwai abin lura: wani ɓangare na wannan girma ya samu ne ta hanyar buga sababbin hannayen jari domin haɗiye wasu kamfanoni, kamar SunAmerica a 1999 da American General a 2001, saboda haka ninkin da darajar kamfanin ta yi ya zarce ninkin da kowane hannun jari guda ya yi. Mai jari ba ya cin girman kamfani. Rabonsa kawai yake ci.

A ƙarshen shekarar 2000 farashin hannun jari ɗaya ya kai kusan dala 100, kuma bai sake komawa wurin ba. A 2005 binciken da babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya jagoranta kan yadda ake rubuta lissafin kamfanin ya tilasta wa Greenberg sauka, kamfanin ya sake gyara alƙaluman shekarun baya, kuma ya rasa matsayin koli da hukumomin tantance masu cin bashi suka daɗe suna ba shi. Wannan rashi ya zama mafarin babbar matsala, domin wani ƙaramin reshe na kamfanin, AIG Financial Products, wanda yawancin aikinsa a Landan yake, ya riga ya sayar wa manyan bankuna alkawarin cewa zai biya su idan takardun bashin gidaje na Amurka suka lalace. Yarjejeniyoyin sun tanadi cewa duk lokacin da darajar takardun ta faɗi, ko matsayin AIG ya ragu, dole ne ya ajiye tsabar kuɗi a matsayin jingina. Da kasuwar gidaje ta rushe, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumban 2008, aka sake rage matsayin AIG a wannan rana, sai bankuna suka yi masa ca suna neman kuɗin da ba shi da su a hannu.

Ranar 16 ga Satumba Babban Bankin Amurka ya ba shi rancen dala biliyan 85 da kuɗin ruwa mai tsanani, bisa sharaɗin gwamnati ta mallaki kashi 79.9 cikin ɗari na kamfanin. Daga baya jimillar tallafin da aka ware masa ta kai kimanin dala biliyan 182. A 2008 kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 99, wadda dala biliyan 61.7 daga cikinta ta faɗo ne a watanni uku na ƙarshe kaɗai. Aka cire shi daga jerin kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, aka dakatar da rabon riba, kuma a Maris na 2009 hannun jarin da ya taɓa kai dala 100 ya koma ƙasa da senti 50.

A nan ne mai duba farashi a waya yake ruɗewa, don haka ina roƙonka ka natsu da wannan ɓangare. A tsakiyar 2009 kamfanin ya haɗe kowane hannayen jari 20 suka zama ɗaya, kamar a karɓi takardun naira 50 guda 20 a hannunka a ba ka takardar naira 1,000 guda ɗaya: kuɗinka bai ƙaru ba, adadin takardun ne ya ragu. Saboda haka idan ka ga farashin AIG yana yawo tsakanin dala 65 da 90, kamar yadda ya yi a 2024 da 2025, kada ka ɗauka ya kusa komawa dala 100 ɗin da ya kai a 2000. A ma'aunin yau, wancan farashi na 2000 daidai yake da kusan dala 2,000. Mu ɗauka wani ya kashe dala 10,000 ya sayi hannayen jari 100 a lokacin. Bayan haɗewar, guda 5 suka rage masa, kuma a farashin dala 80 kuɗinsu dala 400 ne. Rabon ribar da ya karɓa kafin 2008 bai kai dala 5 a kan kowane hannun jari ba idan aka tara shi duka, wanda aka ci gaba da biya tun 2013 kuwa a kan guda 5 ne kawai yake samunsa. Bayan haƙurin kusan shekara 25, ko kashi ɗaya cikin goma na uwar kuɗinsa bai dawo ba, alhali ma'aunin S&P 500, wanda ya ƙunshi manyan kamfanonin Amurka 500, ya ninka fiye da sau huɗu a daidai wannan lokaci, ban da rabon riba.

Mene ne ya hana haƙuri yin aikinsa? Faɗuwar farashi kaɗai ba ta hana murmurewa. Kamfanoni da yawa sun faɗi a 2008 sun tashi. Abin da ya faru da masu jarin AIG shi ne an rage musu rabonsu na mallaka, kuma wannan ba ya gyaruwa da wucewar lokaci. Kafin rikicin akwai hannayen jari kimanin biliyan 2.7, waɗanda suka koma kimanin miliyan 135 bayan haɗewar. A Janairun 2011 aka mayar da tallafin gwamnati zuwa sababbin hannayen jari, adadin ya tashi zuwa kimanin biliyan 1.8, Baitulmalin Amurka ya riƙe kashi 92 cikin ɗari. Mutanen da a da su ne masu kamfanin gaba ɗaya suka wayi gari da kashi 8. Bugu da ƙari, kamfanin da suke da kashi 8 ɗin a cikinsa ya riga ya ƙanƙance, domin an sayar da wasu daga cikin mafi kyawun rassansa don biyan bashi: AIA ta Asiya aka sa ta a kasuwar Hong Kong a 2010, ALICO kuma kamfanin MetLife ya saye ta a wannan shekara. Wannan ALICO, ga mai son tarihi, ita ce ta buɗe ofishi a Najeriya a 1963, wanda daga baya ya zama kamfanin AIICO, ko da yake Amurkawan sun daɗe da janye hannunsu daga cikinsa.

Za ka ji ana cewa gwamnatin Amurka ta ci ribar dala biliyan 22.7 a kan ceton AIG lokacin da ta sayar da ragowar hannayen jarinta a Disambar 2012. Gaskiya ne, amma ribar gwamnati ce, kuma wani ɓangarenta daga rabon da aka karɓe a hannun tsofaffin masu jari ya fito. Greenberg, ta hannun kamfaninsa Starr International, ya kai ƙara a kan haka. A 2015 alƙalin ya ce gwamnati ta wuce iyakar ikonta, amma bai ba da diyyar ko sisi ba, bisa hujjar cewa da an bar kamfanin ya karye, da hannayen jarin ba su da wata daraja kwata-kwata. A ganina hujjar alƙalin ta tsaya da ƙafafunta, duk da ɗacinta.

Wanda kuwa ya saya a Maris na 2009, a farashin da bai kai dala 10 ba a ma'aunin yau, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Kamfani ɗaya ne, amma masu jari uku sun ga abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba: na 1970, na 2000, da na 2009. Duk wanda ya kawo maka adadi guda ya ce wannan shi ne ribar AIG a dogon zango, ka fara tambayarsa shekarar da ya soma ƙirga.

Tambaya: Ina karatun lissafin kuɗi, kuma malaminmu ya ce Warren Buffett a kan inshora ya gina dukiyarsa. Ta yaya sana'ar da kullum biyan diyya take yi za ta samar da irin wannan arziki, kuma shin hakan ba ya nuna cewa jarin inshora ya fi sauran? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, malaminku ya yi daidai, kuma sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin ranar karɓar kuɗi da ranar biyan diyya. Kamfanin inshora yana karɓar kuɗin mutane yau, amma diyyar hatsarin mota tana iya ɗaukar watanni ko shekara biyu kafin a biya, wadda ta shiga kotu kuma tana iya ɗaukar shekara goma ko fiye. A tsawon wannan lokaci kuɗin yana hannun kamfanin, yana juya shi, ribar kuma tasa ce. Idan diyya da kuɗin gudanarwa ba su wuce abin da aka karɓa ba, wato a kan kowace dala 100 da ta shigo ba a kashe fiye da 100 ba, to kamfanin yana juya dukiyar wasu kyauta. Idan kuwa ana kashe 110, to bashi ne mai tsada yake ci ba tare da ya kira shi bashi ba.

Berkshire Hathaway, kamfanin Buffett wanda asalinsa masaƙa ce da ke mutuwa, ya sayi kamfanin inshora na National Indemnity a 1967 a kan dala miliyan 8.6. Irin wannan kuɗi da ke zaune a hannunsa ya girma har ya kai kimanin dala biliyan 171 a ƙarshen 2024. Daga 1965 zuwa 2024 darajar hannun jarin Berkshire ta ƙaru da matsakaicin kashi 19.9 cikin ɗari a shekara, yayin da S&P 500 ya ba da kashi 10.4 haɗe da rabon riba. Berkshire sau ɗaya tak ya taɓa raba riba, senti 10 a 1967. Duk sauran an mayar da su cikin kasuwancin.

Sai dai ban yarda cewa wannan yana nuna fifikon jarin inshora ba, kuma shaidata tana cikin tarihin GEICO, kamfanin inshorar motoci wanda Buffett ya fi ƙauna. An kafa shi a 1936, yana sayar da inshora kai tsaye ba tare da dillalai ba, abin da ya sa kuɗin gudanarwarsa ya yi ƙasa da na abokan hamayyarsa. Buffett yana ɗalibi ya saka dala 10,282 a cikinsa a 1951, ya sayar a shekara mai zuwa a kan dala 15,259, kuma shi da kansa ya lissafa cewa da ya riƙe, da wannan jari ya kai kimanin dala miliyan 1.3 cikin shekara 20. Har zuwa nan labarin yana goyon bayan masu cewa a saya a manta. Amma a farkon shekarun 1970 shugabannin GEICO suka shiga neman yawan kwastomomi, suka rage farashi, suka kuma ware ajiyar diyya ƙasa da abin da hatsarurrukan za su ci, a lokacin da hauhawar farashi ke ƙara tsadar gyaran mota da kuɗin asibiti. Littattafan kamfanin suka ci gaba da nuna riba har ranar da diyyar ta zo. A 1975 ya bayyana asarar dala miliyan 126, hannun jarin da ya kai dala 61 a 1972 ya sauko kusan dala 2 a 1976, kamfanin ya kai bakin karyewa.

Sabon shugaba, Jack Byrne, ya ƙara farashi, ya sallami kwastomomin da ba su da riba, ya janye daga wuraren da hukuma ta hana shi ƙarin da yake bukata, domin a wannan sana'a da muguwar rawa gara ƙin tashi. An kuma sayar da sababbin hannayen jari don cike giɓin, wanda ya rage rabon tsofaffin masu jari. A wannan lokaci ne Berkshire ya shigo. Zuwa ƙarshen 1980 ya kashe dala miliyan 45.7 ya mallaki kashi ɗaya cikin uku na kamfanin. GEICO ya riƙa sayen hannayen jarinsa daga kasuwa har rabon Berkshire ya kai kusan rabi ba tare da ya ƙara ko dala ɗaya ba. A farkon 1996 ya biya dala biliyan 2.3 ya saye ɗaya rabin. Ki lura cewa wannan kishiyar abin da ya sami masu jarin AIG ne: a can adadin hannayen jari ya yi ta ƙaruwa rabon mai riƙewa yana raguwa, a nan adadin ya yi ta raguwa rabonsa yana ƙaruwa. A matsayinki na ɗalibar lissafi, abubuwa biyu za ki fara nema a rahoton kowane kamfanin inshora kafin ki kalli ribar da ya bayyana: ko ajiyar diyyar da ya ware a shekarun baya ta isa ko kuwa kullum ana ƙara mata, da kuma yadda adadin hannayen jarinsa ya sauya cikin shekara goma.

Tambaya: A 2007 na sayi hannayen jarin wani kamfanin inshora na nan gida lokacin da kowa ke saye. Takardar tana nan a akwati. Yanzu na ji an ce farashin irin waɗannan hannayen jari ya tashi. Shin na fita kenan? Daga wani dattijo a Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Kun saya ne a ganiyar kasuwa, lokacin da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta tilasta wa kamfanonin inshora ƙara jarinsu suka fito neman kuɗin jama'a. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya kai ƙololuwarsa a Maris na 2008 sannan ya rufto, kuma hannayen jarin inshora da dama sun kwashe shekaru a maƙale a kobo 50, wanda shi ne mafi ƙarancin farashin da dokar kasuwar ta yarda da shi har zuwa Janairun 2018. Ko a wannan farashi, sau da yawa masu sayarwa ne suke jere babu mai saye.

Kafin ku ce kun fita, sai an haɗa lissafi uku. Na farko, adadin hannayen jarinku na yau mai yiwuwa ba shi ne wanda ke kan takardar ba, domin wasu kamfanoni sun ba da gyara ta ƙarin hannayen jari kyauta, wasu kuma sun haɗe su kamar yadda AIG ya yi. Na biyu, akwai yiwuwar an ware muku rabon riba ba ku karɓa ba. Kamfanin da ke riƙe da rajistar masu jari shi zai tabbatar muku, kuma ta hannun dillali mai lasisi za a mayar da takardar zuwa asusun CSCS, wato inda ake ajiye hannayen jari a na'ura, a kuma haɗa sunanku da asusun banki domin kuɗin ya riƙa shiga kai tsaye. Na uku, kuma mafi nauyi, darajar naira. A farkon 2008 dala ɗaya tana kusan naira 118, a 2025 kuwa ta yi ta kewaya naira 1,500. Hannun jarin da aka saya naira 4 a wancan lokaci sai ya kai kusan naira 50 kafin a ce ya dawo da uwar kuɗinsa a ma'aunin dala, ba a ma fara maganar riba ba.

Tashin da kuka ji labarinsa yana da nasaba da sabuwar dokar inshora ta 2025, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira biliyan 10 ga masu inshorar rayuwa, biliyan 15 ga masu sauran nau'o'in, da biliyan 35 ga kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora. Kamfanin da jarinsa bai kai ba dole ya buga sababbin hannayen jari ko ya haɗe da wani, kuma tsohon mai jarin da bai sayi kasonsa na sababbin ba, rabonsa zai ragu. Ku sa a duba muku ko naku yana cikin waɗanda jarinsu ya riga ya isa.

Tambaya: Duk wannan lissafi na riba, shin ya halatta Musulmi ya riƙe hannun jarin kamfanin inshora tun farko? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, fatawa aikin malamai ne, amma ga abin da yake a rubuce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Jidda a Disambar 1985 cewa inshorar kasuwanci mai ƙayyadadden kuɗi tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas kan abin da kowane ɓangare zai samu, wanda ke ɓata ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakon juna a matsayin madadi. Ban da garari, kuɗin da ke zaune a hannun kamfanonin, wanda na yi bayaninsa a sama, galibinsa a takardun bashi masu kuɗin ruwa ake zuba shi, kuma daga nan ne babban kaso na ribarsu yake fitowa. Saboda haka ma'aunan hannayen jari masu bin shari'a, irin su Dow Jones Islamic Market da na Lotus a kasuwar Legas, ba sa saka kamfanonin inshorar da aka saba da su a jerinsu.

Ta fuskar tarihin riba kuwa, takaful, wato inshorar taimakon juna, sabuwar sana'a ce idan aka gwada ta da kamfanonin da muka tattauna. A Najeriya sai a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta, kuma a 2016 ne Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. A Saudiyya, inda doka ta ɗora kamfanonin inshora a kan tsarin taimakon juna, babban kamfaninsu Tawuniya ya shiga kasuwar hannayen jari ne a 2005, wato tarihin farashinsa bai wuce kimanin shekara 20 ba.